Yadda Ake Zaɓar Salansa da Ɗaura Ta a Bindigar Kafaɗa Mai Cin Harsashin Fistol a Amurka

A filayen koyon harbi na Amurka akwai wani jinsin bindiga da ya yi kasuwa a 'yan shekarun nan, wanda suke kira PCC a taƙaice. Doguwa ce ta jingina a kafaɗa, amma harsashin da take ci na fistol ne, galibi 9mm. Ruger PC Carbine, CZ Scorpion, Kel-Tec Sub2000 da SIG MPX duk 'yan gida ɗaya ne. Harsashinta na da araha, ba ta dukan kafaɗa, kuma albarushinta kaɗan ne, shi ya sa salansa ke yi mata aiki fiye da yadda take yi wa manyan bindigogin farauta.

Tun da wuri a cire hoton finafinai daga zuciya. Salansa ba ta kashe ƙara, rage ta kawai take yi. Harbin 9mm ba salansa yana kaiwa wajen desibel 160 a ma'aunin ƙarfin ƙara, alhali hukumomin lafiyar ma'aikata na Amurka sun sa 140 a matsayin iyakar da ƙara mai zuwa farat ɗaya za ta fara yi wa kunne illa. Salansa mai kyau kan sauke desibel 20 zuwa 35. Wanda ke tsaye a gefe zai ji an yi harbi sarai, sai dai kunnensa ba zai kwana yana kuka ba. Aikin nata daidai yake da na salansar babur: hayaƙi mai zafi ya shiga ɗakuna-ɗakuna, ya buɗe, ya huce, sannan ya fita a hankali. Mutumin da ya yi rajistar ƙirarta a 1909, Hiram Percy Maxim, ɗa ne ga wanda ya ƙera bindigar Maxim ɗin nan da sojojin Lugga suka shigo da ita Kano da Sakkwato a 1903.

Mataki na farko: doka, kafin ka taɓa aljihu

Wannan bayani na mazaunin Amurka ne da doka ta ba shi damar mallakar bindiga. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta ɗaure sha'anin bindiga tam, kuma fitar da salansa daga Amurka ba tare da lasisin gwamnati ba babban laifi ne. Kada wani ya ce ka taho masa da ita a jaka.

A can ɗin ma ba ko'ina ba ne. Jihohi 42 sun yarda farar hula ya mallaka. New York, New Jersey, California, Illinois, Massachusetts, Delaware, Hawaii da Rhode Island sun hana, haka ma birnin Washington. Saboda haka 'yan uwanmu da ke zaune a Bronx, maganar ta ƙare musu a nan. Na Texas ko Georgia ko North Carolina suna iya ci gaba. Mai katin zama na dindindin yana da damar saye kamar ɗan ƙasa, amma wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara, asalin hukuncinsa hani ne, in ban da 'yan togaciya da ya kamata lauya ya duba masa.

Salansa na ƙarƙashin dokar tarayya ta 1934 da ake kira NFA. Sai ka kai shekara 21 za ka saya a hannun dila mai lasisi. Za ka biya kuɗinta, ta zauna a kantin dilan, ka cike takardar Form 4 ta ATF, hukumar tarayya mai kula da sha'anin bindigogi, ka ba da hoto da zanen yatsu, a aika wa shugaban 'yan sandan yankinka sanarwa, a binciki tarihinka. Sai amincewa ta fito za ka ɗauke ta. A da jiran kan kusan cinye shekara, amma daga 2024 masu cikewa ta intanet sun fara samun amsa cikin kwanaki. Harajin dala 200 da aka ɗora tun 1934 an mayar da shi sifili daga 1 ga Janairu, 2026, sai dai rajistar tana nan daram.

Akwai tarko biyu. Na ɗaya, bututun nan masu araha da ake tallatawa a intanet da sunan matarar man wanke bindiga. ATF na iya ɗaukarsu a matsayin salansa marar rajista, hukuncin kuma ya kai ɗaurin shekara goma. Na biyu, tsawon bututun bindigarka. Duk bindigar da ke da majinginar kafaɗa amma bututunta bai kai inci 16 ba, ita ma tana buƙatar tata rajistar daban, kuma ɗaura salansa mai kwancewa ba ya ƙara mata tsawo a idon doka.

Mataki na biyu: san bindigarka

Yawancin masu saye da tambayar wace salansa ce ta fi kyau suke farawa. A ganina wannan ce tambaya ta ƙarshe. Bindigar ce ke yanke rabin hukuncin.

Duba yadda take buɗe kanta bayan harbi. Galibin PCC masu sauƙin kuɗi, irin su Ruger, Scorpion, Sub2000 da mafi yawan bindigogi ƙirar AR (samfurin doguwar bindigar AR-15) masu cin 9mm, ba su da makulli. Nauyin ƙarfen da ke tura harsashi da ƙarfin sifirin ne kawai ke riƙe ƙofa har harsashi ya fita. Da ka ɗaura salansa, hayaƙi zai daɗe a cikin bututu, kuma ƙofar na buɗewa sai wani kaso ya fito ta ramin da kwanso ke fita, dab da kunnenka na dama da hancinka. Wanda ke nesa zai ce bindigar ta yi shiru, kai mai harbi kana jin "fau" a gefen fuska, idonka na yaji. Bindigogin da ke jinkirta buɗewa sun fi daɗi nesa ba kusa ba: dangin MP5 na kamfanin Heckler & Koch masu 'yan gangar ƙarfe biyu, CMMG Banshee mai kan da ke ɗan juyawa kafin ya saki, da MPX mai aiki da fistin. Idan taka ta rukunin farko ce, kada ka zuba kuɗi a salansa mafi tsada kana tsammanin shirun MP5. Ba za ka samu ba, don ƙarar ba ta baki take fitowa ba.

Sai zaren bakin bututu. Kwance murfin da ke kansa, ka duba littafin bindigar, kada ka yi kintace. A Amurka zaren 9mm da ya fi yawa shi ne 1/2x28, wato kaurin rabin inci, zare 28 a kowane inci. Tsofaffin AR ƙirar Colt suna da 1/2x36, wanda ido ba ya bambanta shi da na farko. Wasu na Turai suna zuwa da M13.5x1 na hagu, wanda ake ɗaurewa ta inda aka saba kwancewa. Masu cin .45 ACP yawanci .578x28 ne, masu 10mm da .40 kuma 9/16x24.

A nan akwai haɗari da ya kamata a faɗa da babbar murya. Zaren 1/2x28 shi ne kuma na bindigogin .22 da 5.56. Salansar .22, ko wani abin baki na 5.56, zai hau bakin bindigarka ta 9mm lafiya lau, ya zauna cif kamar don ita aka yi shi. Amma ramin cikinsa ya yi wa harsashin ƙanƙanta. Zare ya shiga ba hujja ba ce. Karanta girman harsashin da aka rubuta a jikin duk abin da za ka ɗaura. Akasin haka babu laifi: salansar .45 tana aiki a kan 9mm, sai dai ta ɗan fi ƙara.

Abu na uku, mariƙin hannu na gaba. Idan bakin bututun ya nutse a cikinsa, auna faɗin cikin mariƙin. Salansar fistol kaurinta wajen inci 1.4 ne, waɗanda aka yi don PCC kuma kan kai 1.6 zuwa 1.75. Ka bar sarari kewaye da ita, ka kuma tuna da kusoshin da ke leƙowa ciki daga fitila ko wani abin da ka maƙala.

Mataki na uku: mahaɗi

Nan ne aka fi yin ɓarna, don haka zan daɗe a kai.

Salansar 9mm da yawa don fistol aka ƙera su, kuma suna zuwa da wata na'ura a gindinsu da ake kira busta: fistin ne da sifirin a cikin gida. Dalilinta shi ne bututun fistol irin Glock yana ja baya ya ɗan karkata a kowane harbi, nauyin salansa kuma na hana shi. Busta ce ke sakin nauyin na ɗan ƙiftawar ido har bindigar ta kammala zagayenta. To, bututun PCC a kafe yake, ba ya motsi. Ka ɗaura busta mai sifirin a kansa, kowane harbi salansar za ta yi tsalle gaba ta dawo ta daki zaren. A hankali zare ya ci, saiti ya goce, wata rana harsashi ya goge bangon ciki. Maganin mai sauƙi ne: ko ka cire sifirin ɗin ka sa zoben ƙarfe da kamfanin ke sayarwa don kafaffen bututu, ko ka cire bustar gaba ɗaya ka sa mahaɗi marar motsi. Na biyun ya fi, don ya fi gajarta kuma ba shi da abin da zai yi wasa.

Mahaɗan da za ka zaɓa a ciki kusan uku ne. Mai zare kai tsaye shi ne mafi araha, mafi sauƙin nauyi, mafi zama daidai. Aibinsa yakan sassauta da girgiza. Sai mai kunnuwa uku, gadon MP5: ka tura salansar a kan kunnuwan, ka murɗa kaɗan, sifirin ya dawo da ita ta kulle. Cikin daƙiƙa biyu ka ɗaura, kuma ba ya kwancewa da kansa. Yana ɗan girgiɗi in ka taɓa, wannan ba matsala ba ce, haka ƙirarsa take. Ga 9mm ya dace ƙwarai, amma ba a yi shi don harsashin manyan bindigogi ba. Idan bututunka ba shi da kunnuwan, ana sayar da kan da ake ɗaurawa a zare. Na uku shi ne mai mazaunin tsini, inda za ka kafa wani kai na dindindin a bakin bututu, salansar ta hau kansa. Wannan ya fi amfani ga mai bindigogi da yawa da salansa ɗaya.

Shawarata ga mai bindiga ɗaya: zare kai tsaye. Ga mai bindiga mai naɗewa ko rabuwa biyu, irin Sub2000 ko Ruger, wanda kullum zai riƙa cirewa don ta shiga jaka: kunnuwa uku. Kuma ka nemi salansar da gindinta ke da zaren 1.375x24, wanda suke kira HUB, domin kamfanoni da yawa na yin mahaɗi a wannan awon, ba za ka zama fursunan kamfani ɗaya ba.

Mataki na huɗu: ita salansar

Yanzu ne lokacinta. Ƙa'idar ita ce yawan sararin ciki shi ne yawan shiru, amma tsawo da nauyi su ne farashin. Bindiga mai bututun inci 16, ka ƙara mata salansa mai inci 8, ta zama gora, kuma nauyin na can ƙarshe inda hannu ya fi jinsa. Ga irin wannan, gajeriya ta wadatar, domin albarushin fistol ya gama ƙonewa tun kafin harsashi ya kai baki. SilencerCo Omega 9K, wadda ba ta kai inci 5 ba, misali ce. Gajeren bututu mai inci 5 zuwa 8 shi ke son doguwa ko mai kauri. Akwai masu rabuwa biyu, irin Rugged Obsidian 9 da Dead Air Wolfman, da za ka iya gajartawa ko tsawaitawa. Ga wanda bai san abin da yake so ba tukuna, wannan hanya ce mai kyau.

Wajen ƙarfe, alminiyam ba nauyi kuma da araha, amma ba ya son wuta mai yawa, kuma PCC na sa mutum harbi da sauri fiye da fistol. Baƙin ƙarfe marar tsatsa ya fi juriya, ya fi nauyi. Titaniyam na tsakiya a nauyi, sama a kuɗi. Idan bindigarka marar makulli ce, duba sababbin ƙira masu barin hayaƙi ya wuce gaba maimakon ya taru. A na'urar awo suna iya ɗan fin ƙara a baki, amma a kunnen mai harbi da idonsa sun fi sauƙi.

Lambobin desibel da kamfanoni ke bugawa kada su ruɗe ka. Kowa da bindigar da ya gwada da ita da inda ya ajiye na'urarsa. Bambancin desibel ɗaya ko biyu tsakanin takardun talla biyu ba abin yanke hukunci ba ne. Garanti ya fi wannan muhimmanci: tambayi ko za su gyara in harsashi ya goge ciki, tunda abu ne mai lamba da rajista, ba a musanya shi kamar takalmi.

Mataki na biyar: ɗaurawa

Cire gidan harsashi. Ja ƙarfen baya, ka duba ɗakin harsashi da ido, ka sa yatsa. Fitar da duk harsasai daga ɗakin da kake aiki.

Kwance abin da ke bakin bututu. Idan ka tarar da washa mai lanƙwashewa a bayansa, irin wadda ake matsewa har ta baje, jefar da ita. Ba ta bajewa daidai ta kowane gefe, kuma karkatar da ido ba ya gani a gindi takan zama babba a ƙarshen inci 7. Goge zaren da burushi, ka share kafaɗar bututun, wato tudun ƙarfen da ke bayan zaren, domin a kanta mahaɗin zai zauna, ita ce ke ba shi saiti, ba zaren ba. A wasu bututun Turai gaban bakin ne mazaunin, sai ka tabbatar mahaɗin da ka saya irin nasu ne.

Fara murɗawa da yatsu. Ya kamata ya tafi sumul har ya daki kafaɗa. In ya cije a zagaye na biyu, tsaya, kada ka kawo sifana. Ko zaren ba ɗaya ba ne, ko ka hau shi a karkace. Salansa mai zare kai tsaye, matsewar hannu mai ƙarfi ta isa. Kan da zai zauna dindindin kuwa, matse shi da sifana mai awo gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta, da ɗigon manne mai jure zafi irin Rocksett. Shuɗin mannen zare na kanikawa yana saki in ya ji wuta. Haka kuma mahaɗin ya matsu a jikin salansar fiye da yadda ya matsu a bututu, in ba haka ba ranar cirewa salansar za ta fito ta bar shi a baya.

Sai gwajin saiti, kuma wannan ba a tsallake shi. Ana sayar da miƙaƙƙen sandan awo na 9mm. Zura shi ta bakin salansar har ya shiga cikin bututu sosai, ka dubi ƙarshensa a ramin fita. In yana tsakiya, ko ya ɗan goce amma akwai sarari ta kowane gefe, lafiya. In ya taɓa gefe, kada ka harba ko ɗaya. Juya sandan ka sake dubawa don ka tabbatar ba shi ne ya lanƙwashe ba, sannan ka sake share kafaɗar ka ɗaura. In bai gyaru ba, zaren bututun ne aka yanka a karkace, aikin maƙerin bindiga ne.

Mataki na shida: harsashi da gwajin farko

Salansa na maganin ƙarar hayaƙi, amma ba ta da iko a kan tsawar da harsashi ke yi in ya fi sauti gudu. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa a yanayi mai matsakaicin ɗumi, wajen ƙafa 1,125 ke nan. Harsashin 9mm mai nauyin giren 115 ko 124 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) yakan wuce haka, balle a dogon bututu. Mai giren 147 shi ne aka saba nema, amma a bututun inci 16 wasunsa na ƙara gudu har su taɓa iyakar, sai ka ji ɗaya shiru, na gaba ya yi "tas". In haka ta faru, koma masu giren 150 zuwa 165. Sanyi ma na da hannu, domin gudun sauti na sauka zuwa mita 331 a daƙiƙa in ruwa ya fara daskarewa, harsashin da ya yi ladabi a watan Yuli sai ya yi tsawa a Janairu. Mai .45 ACP da giren 230 galibi ya huta da wannan lissafin. Guji harsashin darma tsirara, yana cika salansa da datti. Wanda aka lulluɓe har gindinsa ya fi tsabta.

A filin harbi sa tabarau da abin toshe kunne duk da salansar, musamman a rufaffen wuri. Kafin ka ɗaura ta, harba 'yan harsasai a takarda daga yadi 10 zuwa 15, ka ga ramukan zagayayyu ne. Rami mai tsawo na nufin harsashin na tangaɗi, kuma mai tangaɗi shi ke fasa salansa. Sannan ka ɗaura, ka harba ɗaya, ka sauke harsasai, ka duba ramin fita ko akwai gogewa. Harbin farko yakan fi na bayansa ƙara saboda iskar da ke ciki, ba lalacewa ba ce. Harba biyar, ka sake taɓa matsewar da safar hannu mai jure zafi. Bayan gidan harsashi biyu a jere, ƙarfen zai iya ƙona fata ko ya narkar da jaka.

Inda harsashi ke sauka zai ɗan canja, sai ka sake saita madubin da salansar a ɗaure. Idan kwanso na tashi da ƙarfi fiye da da, ko hayaƙi ya dame ka a AR mai 9mm, ƙara nauyin ƙarfen da ke tsakanin sifirin da ƙarfen tura harsashi yakan jinkirta buɗewar ya rage matsalar.

Kulawa

Albarushin fistol na da datti, bindigar kuma za ta yi baƙi da wuri fiye da yadda ka saba. Mahaɗin ya fi komai son kulawa: goge shi bayan kowace fita, ka shafa ɗan man hana cijewa a zare, kada ka ajiye salansar a ɗaure wata da watanni har gawayi ya haɗe su. Mai buɗuwa, bi umarnin kamfani wajen wanke ɗakunanta, ka mayar da su a jerin da suka fito. Kada ka sa alminiyam a injin wanki mai girgiza ruwa. Haɗin ruwan tsami (vinegar) da sinadarin wanke ciwo (hydrogen peroxide) da wasu ke yabawa a intanet yana narkar da darma ya zama guba mai ratsa fata, ka nisance shi. Sa safar roba, ka wanke hannu kafin cin abinci.

Ajiye hoton takardar amincewar ATF a wayarka da kwafi a jakar bindiga. Kada ka bar salansar a hannun wanda sunansa ba ya cikin rajista in ba ka wurin, ko da ɗan uwanka ne. Iyalin da ke son yin tarayya a kanta sukan yi rajistar da sunan amintacciyar yarjejeniya da lauya ke rubutawa. Kafin ka tsallaka da ita wata jiha, duba dokar jihar da za ka da ta duk wadda za ka ratsa a hanya.